Ayarin Butoci

Gidan Hajiya Amama da ke unguwar Maamobi ɗakuna goma sha ɗaya ne da famfo ɗaya, don haka kowa ya san butar kowa. Ta Zuera mai koko koriya ce, da jan zare ɗaure a wuya. Ta Hajiya mai ratsin baƙi da fari ce, an yi mata alama da wuƙa mai zafi. Shuɗiyar nan marar murfi kuwa ta ɗakin ƙarshe ce, na kusa da bayi, inda Zuhura take zaune da mahaifinta. Haka ma takalma. Ba sai ka yi sallama ka tambaya ba, silifan da ke bakin ƙofa sun isa su gaya maka wanda ke ciki.

Malam Abdulsalami, mahaifin Zuhura, mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar. Ya yi shekara talatin yana sayar da shayi a shataletalen Circle kafin hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi, ya koma kwance fuskarsa na kallon bango. Bangon kuwa duk tabon danshi ne. Wata uku yana kallonsa, har ya fara ƙin abinci. In Zuhura ta kawo cokali sai ya datse baki, hawaye na bin gefen fuskarsa.

Zuhura aikin fenti take yi a shagon wani mai rubuta allunan talla a unguwar Kotobabi. Shi yake zana haruffa, ita ta cike su. Ba ta da yawan magana, in an yi mata tsawa ma sai ta manta abin da za ta ce. Wata rana ta dawo da ragowar fenti a gwangwanayen madara, ta durƙusa gaban gadon, ta ce, "Baba, zan zana maka gida."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. "Ban da mai rai."

Ta ce to. Ba raƙumi ke nan, ba mutum, ko tsuntsu babu.

Ita ba ta taɓa ganin hamada ba. A Maamobi aka haife ta, yashin da ta sani shi ne na bakin teku da wanda tifa ke juyewa gaban masu gini. Abin da take da shi labaran da yake ba ta tun tana ƙarama, tana wanke masa kofunan shayi. Da su ta shimfiɗa tuddan rairayi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ja-ja a ƙasa, ruwan ƙwai a sama. Da ta gama sai wurin ya yi mata fayau, babu kowa, har ya fi tabon danshin ban tsoro. Sai ta leƙa tsakar gida, ta ɗauko abin da idonta ya saba gani.

Ta jera butocin gidan a bayan juna, igiya ɗaya ta ratsa hannayensu, suna hawa tudu kamar ayarin da ke zuwa ɗauko gishiri. Ta kafa tsintsiya uku kai sama, suka zama dabino. Ta kifa laima a cikin kwari, ta cika ta da ruwa. Murfin tukunya ya zama rana. A can ƙololuwar tudu mafi tsawo ta ajiye keken ɗinki, ba kowa a kansa, yana ɗinke bakin sama da bakin ƙasa da baƙin zare, ɗinkin ya kai rabi. Nesa da ayarin kuma, su kaɗai, wasu jajayen silifa suna tafiya, ɗaya an riƙe igiyarsa da ƙusa, sawunsu a jere a bayansu.

Tun daga ranar Malam ya koma cin abinci. Yakan ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna wani tudu, ya kira sunan wani gari da ita ba ta sani ba. Wani lokaci har ya yi dariya da rabin baki. Zuhura ta sa labule mai kauri a ƙofa, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar wata Laraba Zuhura tana wurin aiki, Zuera ta ga kokonta ya yi saura, ta ce bari ta kai wa marar lafiya ta sami lada. Ta ɗaga labule, idonta ya sauka a kan bangon. Kwanon bai kai ga hannun Malam ba.

Da Zuhura ta dawo bayan la'asar, tun daga lungu ta ji gidan ya yi tsit, irin shirun da ba na lafiya ba. Ta tarar an yaye labulenta an jefa a kan igiyar shanya, matan gida sun cika bakin ƙofa. Suka buɗa mata hanya, kowace tana janye zanenta kar ya taɓa ta.

Hajiya Amama na tsaye a tsakiyar ɗakin, hannu a ƙugu. Mace ce mai jiki, mai sayar da atamfa a kasuwar Makola, muryarta ta saba ƙetare rumfa goma.

"'Yar Malam, matso. Matso mana, ai ɗakinki ne. Wannan butar wa?"

Zuhura ta sunkuyar da kai. "Ta Anti Zuera ce."

"Kun ji ko!" Zuera ta buga cinya. "Butana ne, har da jan zaren! Wata biyu ke nan kokona ba ya ƙarewa, ina ta zargin mai gero. Ashe yarinyan nan ne ya kai ni daji ya ɗaure!"

Hajiya ba ta ko kalle ta ba. Ta miƙa yatsa can gefe, inda jajayen silifan suke.

"Waɗannan fa?"

Zuhura ta kawar da kai.

"Ba kurma ba ce ke. Ni na saye su a Makola. Ni na ce ya jefar da su da igiyar ta tsinke, ya ƙi, ya sa ƙusa. Na wa ne?"

"Na Shamsudeen ne."

Wata daga baya ta ce innalillahi. Shamsudeen shi ne autan Hajiya, mai gyaran waya a Circle. Wata huɗu da suka wuce ya ce zai je Kumasi sayo kaya. Bayan kwana tara ya bugo daga Agadas, ya ce a yafe masa, Libiya ya nufa. Daga nan ya sake bugowa sau ɗaya. Yau mako bakwai ba a ji muryarsa ba.

"Yaron da ko Kasoa da ke nan kusa ba ya kwana," in ji Hajiya, muryarta ta yi ƙasa, wanda ya fi ihunta muni. "Yaron da in ban dawo kasuwa ba ba ya cin abinci. Rana ɗaya ya tashi ya bi sahara kamar an kira shi. Na je wurin malamai uku, kowa ya ce mini an ɗauki sawunsa, an yi masa kurciya, a cikin gida aka yi. Ina ta kallon mutanen waje. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a ɗakin da na ba ku don tausayi."

"Hajiya, fenti ne kawai."

"Fenti ne! To me ya hana ki zana takalmin ubanki?"

Aka yi ta ƙananan maganganu a bakin ƙofa. Wata ta ce dama masu shiru-shirun nan sai a hankali. Wata ta ce mutanen arewa da ka gani, da abinsu suke zuwa. Malam yana kwance a tsakaninsu da bangon, idonsa na yawo daga wannan fuska zuwa waccan, bakinsa na motsi, ba mai sauraro.

Zuhura ta ji maganar ta taso mata, ta san in ta fito ba za ta yi mata daɗi ba, amma ta kasa riƙe ta.

"Shi ya ce in sa."

"Wa?"

"Shamsudeen. Yakan shigo gaida Baba in kina kasuwa. Ya ga zanen. Ya ce, Zuhura, sa takalmina a ciki, su riga ni sanin hanya. Na ɗauka wasa yake."

Hajiya ta tako har Zuhura ta ji ƙamshin turarenta.

"Su riga shi sanin hanya. Ya faɗa miki haka. Da bakinsa."

"E."

"Kika ji, kika dawo kika gaishe ni da safe, kika gaishe ni da yamma, ba ki ce Hajiya ga abin da ɗanki ya ce ba?"

Wannan kam gaskiya ne. Sau biyu Zuhura ta tsaya a ƙofar Hajiya da niyyar faɗa, kunya da tsoro suka mayar da ita.

"Munafuka," in ji Hajiya. "Gobe da safe zan kawo farar ƙasa. Da hannunki kika yi, da hannunki za ki shafe, a gabana, tun daga sama har ƙasa. In kin ƙi, ki nemi mai baro ya ɗauki ubanki ku bar mini gida."

Kafin magariba babu buta ko ɗaya a bakin famfo. Kowace mace ta kwashe tata ta kai ɗaki, har da takalman yara. Zuhura ta fito ɗibar ruwa, waɗanda ke kan layi suka ɗauke bokitansu suka ba ta wuri, ba wadda ta amsa sannunta. Ta tuƙa tuwo ta kai wa Malam, ya datse baki. Ta roƙe shi, ta ce ko loma uku. Ya ɗaga hannu ya dafa bangon, daidai gindin tsintsiyoyin nan uku, ya bar shi a wurin. Ta san abin da zai biyo baya in bangon ya koma fari. Ta riga ta gani sau ɗaya.

Washegari Hajiya ba ta je Makola ba. Hantsi na fitowa ta shigo da bokitin farar ƙasa da babban burushi, ta dangwarar da shi a gaban Zuhura har ya fallatsa a tabarma. Matan suka sake cika ƙofa, wasu ma daga maƙwabta suka zo. Zuera ta bar kokonta a hannun 'yar'uwarta don kar a ba ta labari.

"Hajiya, bari in juya Baba tukuna, kar ya gani."

"Ya gani mana. Ni wa ya juya ni?"

Zuhura ta cire mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta hau kan benci. Ta tsoma burushin, ta nufi kusurwar sama inda ba komai sai sarari.

"Ba can ba. Kar ki raina mini hankali. Fara da takalman."

Ta sauko da hannunta. Burushin ya sha da yawa, ya rinjayi hannunta. Shafar farko ba ta sami silifan ba, ta bi ta bayansu, ta share sawun nan da ke jere, tun daga inda suka rabu da ayari har kusa da dunduniya. Silifan suka rage su kaɗai a bakin wani farin fili.

Zuera ce ta fara magana, ba da ƙarfi ba, kamar da kanta take yi. "Kai. Ya goge sawun. To yanzu ta ina yaron zai gane hanyan dawowa?"

Farar ƙasar ta taru a gefen shafar, ta fara gangarowa a hankali, ta sauka a kan silifa ɗaya, ta rufe rabinsa. Wata tsohuwa daga maƙwabta ta ja numfashi ta ce, "Wannan ai likkafani ne."

Zuhura ta ɗaga burushin za ta ƙarasa. Hajiya ta cafke wuyan hannunta, ta matse har burushin ya faɗi.

"Tsaya! Kar ki kuskura. Goge wannan farin, goge shi maza!"

Zuhura ta sa gefen mayafinta ta dangwale. Jan ya sake fitowa, ya ɗan yi hazo.

"Ba da fari ba," in ji Hajiya, tana haki. "Nemo wani."

"Akwai ragowar fenti mai ruwan ƙasa. Sai in rufe su da shi, su saje da yashin."

"Ki binne mini ɗa a cikin yashi? A gabana?"

"To in kankare da wuƙa."

"Wuƙa! Kun ji ta ko? Wuƙa za ta sa masa!"

"Hajiya, to yaya zan yi?" Muryar Zuhura ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Na ce miki fenti ne, kin ce ba fenti ba ne. Na zo in shafe, kin ce kar in shafe. Wallahi ba ni da komai. Ko Fatiha ban tofa a bangon nan ba."

"Rufe mini baki."

Hajiya ta saki hannun. Ta tsaya tana kallon silifan, ƙirjinta na hawa da sauka. Ɗankwalinta ya zame, furfura ta bayyana, ba ta gyara ba. Matan ƙofa suka daina motsi.

"Juyo da su," ta ce.

"Na'am?"

"Ke kika tura su can. Juyo da su su fuskanci gida. Ki mayar da sawun da kika goge, ɗaya bayan ɗaya, kar ki rage ko guda."

Zuhura ta kalli mahaifinta. Hannunsa na nan a kan bangon. Ta san in ta ɗauki jan fenti yanzu, ta amsa laifin da ba ta yi ba ke nan, a gaban Maamobi gaba ɗaya, kuma ba za ta ƙara wanke kanta ba. Ta kuma san abin da ke cikin bokitin nan.

"In na juyo da su, sai an bar sauran."

"Wane sauran?"

"Duka. Butocin da tuddan da rijiyar. In aka shafe su, a kan me zai taka ya dawo? Ina zai sha ruwa?"

Maganar na fita ta ji kunya ta rufe ta, don ta san ƙarya ta yi, irin wadda ba ta taɓa yi ba. Malam ya juyo da ido ya kalle ta, kallo mai tsawo. Ba ta iya gane ko godiya ce ko faɗa ba.

"A cire butana dai!" in ji Zuera.

"Ba abin da za a cire," in ji Hajiya, ba ta waiwaya ba. "In kokonki bai ƙare ba ki sha abinki."

Zuhura ta jawo gwangwanayenta daga ƙarƙashin gado. Ta jira farar ƙasar ta sha iska, ta mayar da yashi a kanta. Wajen silifan ne aikin ya yi wuya, don Hajiya ta hana a rufe ko ɗigo na jan. Dole ta bi su a yadda suke, ta faɗaɗa dunduniya ta zama gaba, ta matsar da igiya, ta mayar da ƙusar ɗaya gefen. Hajiya na tsaye a bayanta tana numfashi a wuyanta, tana cewa wannan ya karkace, wancan ya fi ɗan'uwansa girma. Sai da aka kira azahar ta gama. Silifan sun ɗan yi faɗi, amma sun juyo, suna kallon ayarin butoci, suna kallon ƙofar ɗakin.

Hajiya ta ɗora hannu ta auna tazarar da ke tsakaninsu da ƙarshen bango. Ɗani bakwai da yatsa biyu. Ta ɗauki bokitinta.

"Kar ki ɗauka mun shirya. Babbar Sallah saura wata biyu. In na yanka rago ɗana ba ya gidan nan, ba farar ƙasa zan kawo ba, kin ji na gaya miki."

Da yamma Malam ya ci tuwo, loma tara, ta ƙirga.

Labulen bai koma ƙofar ba, Hajiya ta hana. Kullum da safe kafin ta tafi Makola sai ta shigo ba sallama, ta tsallake ƙafafun Malam, ta auna bangon da ɗaninta, ta fita ba ta ce wa kowa ci kanka ba. Zuera ta sayi sabuwar buta, tana ɓoye ta cikin zane in za ta zagaya. Yaran gidan an hana su wucewa ta ƙofar ɗakin ƙarshe da takalmi a ƙafa, sai dai su cire su riƙe a hannu su ruga.

Ranar Juma'a ta biyu Zuhura ta buɗe ƙofa za ta tafi aiki, ta yi tuntuɓe. Takalma ne a bakin ƙofar, ƙafa uku, ba na gidan ba. Kambas ɗaya da ya sha tafiya, sandal ɗaya, da wasu silifa baƙaƙe an ɗaure su da leda, an soka 'yar takarda mai suna a jiki. Ba sai an gaya mata ba, na 'ya'yan wasu ne da su ma suka bi sahara. Ta ɗaga kai. A bakin zaure wata mata da ba ta sani ba tana tsaye da mayafi har goshi, ta kafe ta da ido, ba gaisuwa, ba murmushi.

Zuhura ta tsallake takalman. Ta kai tsakiyar gida, ta ji Hajiya daga ɗakinta tana cewa, "Jiya bakwai da yatsa biyu, yau ma bakwai da yatsa biyu. Me kike jira?"

Zuhura ta gyara mayafinta. Ta bi ta gefen matar ta fita lungu, ta nufi Kotobabi da gwangwanin madara babu komai a cikin jakarta, don jan fentin ya kusa ƙarewa.